Rim 16 a kan Corolla: wata biyar da malejina ya daina faɗa min gaskiya

Motata Corolla ce ta 2010, 'yar Amurka, kuma da tayar da kamfani ya tsara mata na same ta, wato 195/65R15. Shekara huɗu ina hawa ban taɓa tunanin canza girman taya ba, sai da na fara noman shinkafa a fadamar da ke wajen Argungu. Hanyar gonar ta sa ƙasan motar yana gugar ƙasa kullum, musamman in an ɗora buhu biyu a but. Wani abokin aikina ya ce magani ɗaya ne, in ɗaga ta da babbar taya. Na bi shawararsa bayan ƙaramar Sallah.

A wani shago a Birnin Kebbi na sayi rim na alminiyam mai inci 16 guda huɗu, da sabbin tayoyi 215/60R16, girman da ake gani a Camry. Ba zan ɓoye ba, kayan suna da kyau. Mai shagon ya nuna min lambobi huɗun da ke gefen kowace taya, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara, kuma duka ba su kai shekara guda ba. A kasuwar da 'yan Kwatano suka cika, wannan ma abin yabo ne. Yaransa suka ɗaura, suka daidaita, cikin awa ɗaya na fito. Da na tambaye shi ko canjin zai taɓa wani abu a motar, sai ya dafa tayar ya ce, "Yallaɓai, wagga taya ba ta da matsala, sai dai ka zo ka yi min godiya." Bai ce uffan a kan maleji ba. Ban ɗauka ɓoye min ya yi ba, ina jin shi ma bai taɓa lura ba.

Satin farko daɗi kawai nake ji. Motar ta cika ido, har maƙwabcina ya tambaya ko sabuwa na yi.

Abin ya fara fitowa ne a tafiyar Sakkwato. Ina da al'adar mayar da ƙaramin lissafin tafiya sifili duk lokacin da na sha mai, don tun da aka cire tallafi a 2023 ba na wasa da lita. Hanyar Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ta Argungu na bi ta sau ba adadi, na san abin da lissafin ke nunawa in na isa. Ranar nan sai na ga ya gaza da kusan kilomita bakwai. Na ce ko ban danna sifili da wuri ba. A dawowa ma haka. Hanya dai ba ta tsuke ba, to mene ne?

Ɗan yayata da ke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha shi ya warware min. Ranar wata Asabar na ɗauke shi muka kama hanyar Jega da sassafe, kafin manyan motoci su fito, ya buɗe taswirar Google a wayarsa wadda ke nuna gudu ta tauraron ɗan'adam. Malejin motocin Amurka manyan lambobinsa mil ne, kilomita na ciki ƙanana, sai na ɗan sunkuya kafin in gan su. Na tsayar da allura a kan 80, ya ce, "Kawu, 82 nake gani." Na kai ta 100, ya ce 102. Na ce ai wannan ba komai ba ne, biyu kacal. Ya ce in bari mu gwada irinta mai tayar asali. Washegari muka ari ta abokin aikin nan nawa, Corolla ce shekararsu ɗaya da tawa (shi da ya ba ni shawara bai canza tasa ba, ku ji fa). A kan 100 wayar ta nuna 97.

Nan na gane inda gizo ke saƙa. Kamfanoni kan bar maleji ya ɗan wuce gudun gaskiya, don gara direba ya ɗauka ya fi gudu a kan ya ɗauka bai kai ba. Wannan rarar ce babbar taya ta cinye, har ta ci gaba. Ni kuwa na saba in hanya ta yi kyau in ajiye allura a 110, raina yana ce min ai ban kai hakan ba. A da gaskiya ne, ina wajen 107. Yanzu ina kusa da 112 ba tare da ƙafata ta ƙara komai a kan totur ba. Kuma dokar hanya ta hukumar kiyaye haɗurra 80 ta ba ƙananan motocin gida a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, 50 a cikin gari. Wanda ya san yadda shanu da 'yan babur ke faɗowa titi tsakanin Kalgo da Jega ya san kilomita biyar na da daraja in an zo taka birki.

Yaron ya zauna a tabarma ya yi min lissafin a bayan takardar mai. A girman taya irin 195/65R15, lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu tsayin gefenta a matsayin kaso na wannan faɗin, ta ƙarshe girman rim a inci. Tsohuwar tayar daga ƙasa zuwa sama milimita 634 da rabi ce, sabuwar 664. A juyi ɗaya tsohuwar tana cin mita biyu ba kaɗan, sabuwar tana cin mita biyu da kusan santimita tara. Kilomita guda, tsohuwar sai ta juya sau 502, sabuwar 479. Motar kuwa ba ta ganin titi, juyin ƙafa kawai na'urarta ke ƙirgawa, kuma har gobe a zatonta tsohuwar tayar ce a ƙasa. Bambancin ya kusa kashi biyar cikin ɗari. Duk kilomita 100 da na yi, 95 da rabi take rubutawa.

Wannan ya fi lamarin gudun ba ni haushi. Wata biyu ina zargin motar ta fara zuƙar mai, har na kai ta wurin bakanike ya wanke abin da ya wanke ya karɓi kuɗinsa. Ashe mafi yawan abin lissafi ne ya karkace, nisan da nake rabawa da lita ya gaza na gaskiya. Ban ce shan man bai ƙaru ko kaɗan ba, taya mai faɗi da nauyi tana da nata haƙƙin, kuma motar ta ɗan yi nauyin tashi daga tsaye. Juyen baƙin mai ma ya shafa. Ina juye duk kilomita 5,000, yanzu in maleji ya nuna hakan na riga na wuce da fiye da 200.

To ɗagawar da na kashe kuɗi dominta fa? Rabin bambancin tsayin ne kawai ke ɗaga mota, wato milimita 15. Santimita ɗaya da rabi, bai kai faɗin babban yatsana ba. A hanyar gona har yanzu tana guga, sai dai ba kamar da ba. In kuma na cika ta da kaya na faɗa rami, ko na murɗe sitiyari har ƙarshe a ƙofar gida, sai in ji tayar tana shafar robar da ke samanta. Tayar safaya kuma ta zama baƙuwa a cikinsu, ranar da na yi faci a Koko na ɗaura ta, a hankali na lallaɓa har wurin mai faci.

Wanda kyan rim 16 ne ya ja shi, akwai girman da ya dace da wannan motar, 205/55R16, wanda Toyota da kanta take sa wa wasu Corolla na wannan zubin. Tsayinsa milimita 632, maleji ba zai ma san an canza ba. Sai dai gefensa gajere ne, milimita 113 maimakon 127, kuma ban ga hikimar kai gajeren gefe hanyar Yawuri ba, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim.

Shagon na ba su yabo a kan ingancin kaya da saurin aiki, na rage musu a kan shawara. Tayoyin zan ci gaba da hawa har su cinye, tunda kuɗi ya riga ya fita, na dai manna 'yar farar takarda a gilashin maleji daidai 95 don ta riƙa tuna min. Tsofaffin rim ɗina huɗu suna nan jingine a zaure. Wani mai faci ya taya su sau biyu, na ce masa ba na sayarwa ba ne.