Shagon da Ke Tambayarka Wata da Shekara Kafin Ya Ɗinka Maka Sirdi

Duk wanda ke zaune a Amurka yake sha'awar shiga harkar kwaikwayon tarihin sojojin doki, akwai wani ɗan shagon dukanci da ɗinki a bayan garin San Antonio, jihar Texas, da nake ba shi shawarar ya nema. Sai dai ya je da haƙuri, ya kuma je da karatunsa. Wani dattijo ne baduku da matarsa tela suke riƙe da wurin. Ba zan kama suna ba, domin ina da ƙorafi a kansu, kuma duk mai wannan harka a yankin zai iya nuna maka hanya.

Ni mutumin Katsina ne, a bargar kawuna na tashi, kuma aiki ne ya kawo ni Texas. Son doki ya haɗa ni da wata ƙungiya da ke kwaikwayon rundunar sojojin doki 'yan sa kai da ake wa laƙabi da Rough Riders, wadda aka kafa a 1898 lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya. A nan San Antonio aka tara su a watan Mayu na shekarar, ƙarƙashin Kanar Leonard Wood, wanda asalinsa likitan soja ne, da mataimakinsa Theodore Roosevelt, wanda ya ajiye babban muƙami a ma'aikatar sojan ruwa don ya tafi yaƙi. Akasarinsu makiyaya ne da maharba da masu haƙar ma'adinai daga Arizona da New Mexico da Oklahoma da yankin da aka keɓe wa 'yan asalin ƙasar, sai kuma wasu 'ya'yan masu hali daga jami'o'in gabas. Rundunar ba ta cika wata biyar a duniya ba, an sallame ta a tsakiyar Satumba a Montauk, jihar New York.

Wannan gajartar zamani ita ce ta sa shagon ya bambanta da sauran. Idan ka ce kana son kayan Rough Riders, dattijon ba zai ɗauko maka komai ba sai ya tambaye ka: wane kamfani, wane wata, a wane gari? Tambayar tana da dalili. Kamfani, wato rukunin sojoji, goma sha biyu ne a rundunar, amma da suka isa Tampa a jihar Florida jiragen ruwa suka yi ƙaranci, takwas kawai aka ɗauka zuwa Kyuba, inda ake yaƙin. Kamfanonin C da H da I da M aka bar su suna tsaron dawaki. Dawakin ma kusan duka a can aka bar su, sai na manyan hafsoshi. Sojojin da duniya ta sani da sunan mahaya, a ƙafa suka yi faɗan Las Guasimas ranar 24 ga Yuni, a ƙafa suka hau tudun Kettle ranar 1 ga Yuli. Roosevelt ne ya hau dokinsa Little Texas a ranar, ɗayan dokin nasa kuwa ruwa ya ci shi tun wajen sauka a Daiquirí. Saboda haka in ka ce Yuli a Kyuba kake kwaikwayo, dattijon zai gaya maka kai tsaye cewa ba ka da buƙatar sirdinsa, alhali sirdin ne kayan da ya fi kawo masa kuɗi. In sirdi kake so, to Mayu kake a San Antonio ko farkon Yuni a Tampa. Na ga ya mayar da wani mai saye da ya nace sai an haɗa masa da kuben takobi, domin Wood bai ba mutanensa takobi ba. Gajeriyar bindigar Krag suka riƙe da ƙaramar bindigar Colt.

Sirdin da ya yi mini shi ne nau'in McClellan, wanda sojan Amurka ya fara amfani da shi a 1859. Wanda ya saba da sirdinmu na gida mai tudu gaba da baya, wanda ke rungume mahayi, zai ga wannan tamkar ƙashi tsirara: katako ne aka lulluɓe da ɗanyar fata, aka sake rufewa da baƙin kirgi, da doguwar tsaga a tsakiya don kada ya danne ƙashin bayan doki. Ba shi da katifa ko kaɗan. An yi shi ne don lafiyar dokin da zai wuni yana tafiya da kaya, mahayi kuwa ya ji da kansa. Likkafar ta katako ce da murfin fata a gaba, majayin kuma na gashin doki ne saƙaƙƙe. A ƙarƙashi bargon ulu ake ninkawa shida. Na tambaye shi ko zai yi mini da jar fata, don na fi son ganinta, ya ce a'a, jar fata sai samfurin 1904, shekara shida bayan an watse.

Inda ya burge ni ƙwarai shi ne maganar awo. Dawakin soja na wancan zamani sirara ne masu tsinin doro, dawakin Texas na yanzu kuwa faffaɗan baya gare su. Shi ya sa mai sayen tsohon sirdi na asali a kasuwar kayan tarihi kan wayi gari dokinsa ya yi miki a kafaɗa. Dattijon bai yarda da awon da na aika masa ba, sai da ya zo barga da kansa, ya lanƙwasa waya a bayan goɗiyar da nake hawa a wurare uku, ya zana siffar a kwali, ya faɗaɗa katakon daidai da ita ba tare da ya canza kamannin sirdin daga waje ba. Bayan doguwar tafiya a zafin Agusta na sauke sirdin na duba: gumi ya jiƙa bayanta bai ɗaya, babu busasshen wuri da ke nuna matsi, babu kumburi washegari. Wanda ya san doki ya san wannan ita ce shaidar da ta fi kowace takarda. Ɗinkin na hannu ne da zare mai kakin zuma, kuma har yau ko ɗaya bai saki ba.

Sai maganar kaki, wadda ta fi taɓa ni. A 1898 sojan Amurka a rarrabe yake bisa launin fata, kuma baƙar fata ba ya cikin jerin sojojin Rough Riders. 'Yan ƙungiyarmu, don kara, sun ce in sa kakin rundunar kawai, babu wanda zai ce uffan. Matar dattijon ce ta zaunar da ni ta ce za ta ɗinka duk wanda na zaɓa, amma in fara karanta labarin runduna ta 9 da ta 10 ta sojojin doki, wato baƙaƙen sojojin dindindin da ake kira Buffalo Soldiers. Su ma a ƙafa suka yi yaƙin Kyuba, kuma runduna ta 10 tana Las Guasimas, tana kuma tudun Kettle kafaɗa da kafaɗa da mutanen Roosevelt. John Pershing, wanda daga baya ya jagoranci sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙaramin hafsa ne a cikinta a lokacin. Roosevelt ya yabe su da farko, amma a rubutun da ya fitar a 1899 ya rage musu daraja, har wani sajan nasu mai suna Presley Holliday ya mayar masa da martani a jaridar New York Age. Kakin runduna ta 10 na zaɓa, shuɗiyar rigar ulu da wando mai shuɗin sama. Yanzu idan muka tsaya gaban 'yan makaranta, abokaina suna cikin kakinsu mai ruwan ƙasa na yadi mai kauri, ni ina gefensu, kuma tambayar farko da yara ke yi ita ce ta buɗe wannan ɓangaren tarihin da littattafansu kan taƙaita. Wannan shawara ba ta cikin kuɗin ɗinki, amma ita na fi amfana da ita.

Suna taimakawa wajen bincike ma. Akwai wani tsohon akwati a shagon cike da kwafin hotuna da jerin sunayen sojoji, kuma su suka nuna mini yadda ake neman fayil ɗin soja guda daga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Washington. Wani abokinmu da ke kwaikwayon kamfanin A, na Kyaftin Buckey O'Neill, magajin garin Prescott da aka harbe ranar 1 ga Yuli, ta hannunsu ya san da gidan tarihin da ke Las Vegas ta New Mexico, garin da tsoffin sojojin suka yi taronsu na farko a 1899.

Ƙorafina kuwa ga shi. Alƙawarin lokaci ba ya aiki a shagon nan. An ce mini sirdi zai fito kafin bikin da muke shiri, bai fito ba sai da biki ya wuce, na hau na aro. Waya ba a cika ɗauka ba, saƙon intanet kuma sai ka manta ka aika kafin amsa ta zo. Da sun gaya mini gaskiyar layin da ke gabana tun farko, da ban ji zafi ba. Malafar da suke sayarwa ba aikinsu ba ce, sarowa suke yi, kuma ruwan sama guda ya sa tawa ta saki baki ta lanƙwashe. Ka nemi malafa a wani wuri. Abin ɗaure ƙwauri da aka ɗinka mini ma ƙugiya biyu sun fita a hawan farko. Sun gyara ba su karɓi ko sisi ba, amma sai da na koma da ƙafata.

Kuɗinsu ya fi na sirdunan da ake tallatawa a intanet nesa ba kusa ba, kuma rabi ake biya tun farko, ba a mayarwa tunda a kan dokinka aka yanka. Wanda zai tsaya a ƙafa ya yi bayani kawai, riga da wando sun ishe shi, kada ya sa kansa cikin kuɗin sirdi. Wanda zai hau da gaske, ya ba da aikin tun ana sauran watanni da yawa kafin bikinsa, ya tabbatar dokin da aka auna shi ne wanda zai riƙa hawa, ya kuma roƙi dattijon ya nuna masa ninkin bargon a kan dokin kafin ya biya ragowar kuɗin.