Haakon ko Olav: Tarihin Wa Za a Fara Karantawa?

Ana yawan tambayata wanne ya kamata a fara da shi cikin sarakunan Norway biyu, Haakon na Bakwai ko ɗansa Olav na Biyar.

Tarihin Haakon ya fi nauyi. Yariman Denmark ne, kuma bai hau gado a 1905 ba sai da jama'a suka amince ta hanyar ƙuri'a. A 1940 Jamusawa da suka mamaye Norway suka matsa masa ya naɗa Quisling, ɗan siyasar Norway mai goyon bayansu, shugaban gwamnati, Haakon ya ce gara ya yi murabus. Sai ka san Yaƙin Duniya na Biyu za ka ji daɗinsa.

Na Olav ya fi sauƙin bi. Lokacin ƙarancin mai a 1973, jirgin ƙasan cikin gari ya shiga, ya miƙa kuɗin tikiti kamar kowa.

Mai nazarin shugabanci a lokacin yaƙi ya ɗauki Haakon. Mai son ganin zaman sarki da talakawansa ya fara da Olav.