Hilux mai shan gas: a taɓa kwamfuta ko a sauya salansa da filta?

Ɗan'uwa, ka ce Hilux ɗinka mai injin 2KD tana yi maka nauyi idan za ka wuce tirela a hanyar Katsina zuwa Daura. Wani ya ce a sake mata saitin kwamfuta, wani ya ce ka sa ƙaton salansa da buɗaɗɗiyar filtar iska.

Salansa ƙara zai ba ka. Za a ji tahowarka tun daga Ƙofar Ƙaura, amma tirelar tana nan gabanka. Filtar kuwa ban yarda da ita a ƙasar nan ba, don wanda ya ƙera ta bai san ƙurar hunturunmu ba. Ƙurar da ta kuɓuce mata kan fukafukan tobo (na'urar da ke cusa iska cikin inji) take sauka, ta wuce cikin silinda tana cin ringi, sannu a hankali mota ta fara shan baƙin mai.

Saitin kwamfuta shi ne mai aiki. Injin nan cc 2,494 ne, kuma Toyota da kanta ta fitar da shi a ƙarfin doki 102, ta kuma fitar da wani a 144. Sai dai na biyun yana da wani irin tobo daban da na'urar sanyaya iska kafin ta shiga inji. Mai saiti yana ƙara yawan gas da matsin iskar tobo, ƙarfin ya zo tun inji bai ɗau kuka ba, daidai inda kake buƙatarsa. Ladan gabe shi ne zafi. A Afrilu, rana ta haura digiri 40, ga lodi a baya, in taka ba ta da na'urar sanyaya iskar to ita za ka fara sawa. Tsohon kuloci ma zai soma sulɓewa. In ka ga baƙin hayaƙi bayan saiti, an cika mata gas, ka koma a rage.

Masu Hilux 2.7 ta fetur ku riƙe kuɗinku, ba tobo, abin da saiti zai ƙara muku kaɗan ne.

Ni zan zaɓi saiti matsakaici da filtar kamfani. Amma kafin nan bakanike ya gwada nozul masu fesa gas, ya sauya filtar gas, ya wanke bawul ɗin EGR mai maida wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, don sau da yawa nauyin daga nan yake. Sannan wace taya ke ƙarƙashinta? In ka sa wadda ta fi ta kamfani girma, ita ma tana cinye ƙarfi.