Gyara ko canji: sitiyarin jirgi mai ƙafar MerCruiser da ya fara wasa

Malam, ka ce jirgin maigidanka a Legas yake, injin ciki ne mai ƙafar MerCruiser Alpha One, wato ɓangaren nan na waje a bayan jirgi da ke ɗauke da farfela, ƙafar tana lilo hagu da dama ko ba a taɓa sitiyari ba, kuma kana ganin ruwa na ɗiga ta bangon baya. Wani makaniki ya ce a gyara, wani ya ce a canja gaba ɗaya. To kafin ka ba kowa ko sisi ka fara gano inda wasan yake tukuna.

Ku fito da jirgin kan tirela, mutum ɗaya ya leƙa bayan inji ya sa ido a kan hannun ƙarfen nan da wayar sitiyari ke turawa, kai kuma ka kama ƙafar daga waje ka girgiza. In hannun yana motsi tare da ƙafar, to matsalar a waya take ko fil ɗin da ya haɗa su ko fawa sitiyarin, wannan mai sauƙi ce. In kuwa hannun na tsaye cak amma ƙafar na tafiya abinta, zoben gimbal ne, wato zoben da ke riƙe ƙafar yana juya ta hagu da dama, da shaf ɗin sama da ya haɗa shi da hannun, kuma da yake ka ambaci ruwa ni can na fi zato. Amma fa ka sani jirgi mai ƙafa ɗaya dama yakan ɗan yi yawo in ana tafiya a hankali, wannan halinsa ne ba lalacewa ba.

Abin da ke faruwa shi ne shaf ɗin ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, yana zaune a cikin ramin zoben wanda shi kuma alminiyon ne, notuna ne suka matse su. Da notunan sun ɗan saki sai ƙarfen ya yi ta cin alminiyon a hankali har ramin ya buɗe, ga sil ɗin sama, robar da ke tare ruwa, in ya mutu ruwan gishiri ya shiga shaf ya yi tsatsa, tsatsar ta ƙara yaga sil ɗin, shi ke nan ruwa ya samu hanya.

Ɓangaren gyara. Mafi arha shi ne a ɗaure notunan nan biyu na saman zoben da sifana mai ma'auni, kusan Nm 75 ne (ma'aunin ƙarfin ɗauri) a Alpha, in an yi sa'a an kama abin da wuri wasan zai ɗauke. Sai dai ɗauri ba ya tsayar da yoyo. Gaba da haka sai canja shaf da bushin da sil a bar zoben, kuma a nan wahalar take, don notin da ya riƙe hannun yana can ciki inda inji ya tare. Ko a cire inji, ko a huda gidan gimbal, wato gidan da zoben ke zaune a ciki, daga waje a kwance shi ta nan sannan a toshe hudar, ana sayar da kayan wannan aikin har da takardar da ke nuna daidai inda za a huda. Hanya ce mai kyau in mai aikin ya iya, inji na zaune a wurinsa an gama. Amma canja shaf a bar zoben yana da amfani ne kawai in ramin zoben bai ci ba. Abin da ba na so sam shi ne a cusa guntun gwangwani a ramin ko a kai wa mai walda na bakin titi ya cike ya goge da fayil, wallahi kar ka yarda, wannan kamar ɗaure karaya da tsumma ne, ranar da zai saki jirgin na cikin gudu da mutane a ciki.

Ɓangaren canji kuma hawa biyu ne. Na farko sabon zobe da sabon shaf tare, in ka samu shaf na ƙarfen da ba ya tsatsa ma ya fi. Dole a sauke ƙafar a cire gidan da take zama, to tunda an riga an buɗe sai a canja robobin nan masu kama da zuga-zugi da boris ɗin gimbal gaba ɗaya, robar nan in ta fashe tana iya nutsar da jirgi a inda aka ɗaure shi. Na biyu shi ne a sayo duk kayan bangon a haɗe, wannan sai an ɗaga inji babu makawa, kuɗi ne sosai ga dala ga jiran kaya daga Amurka, amma komai sabo ne kuma za ku ga halin da katakon bangon yake ciki ko ya ruɓe. In an mayar da inji a tabbatar an saita shi da sandar saiti, in ba haka ba kofla, abin da ke haɗa inji da ƙafar, zai cinye. Na tokumbo kuwa sai ka girgiza da hannunka kafin ka biya, da yawa da irin ciwon naka aka ciro su.

Ni dai ga jirgin da ke kwana a ruwan Legas kuma yana ɗaukar mutane, in an ɗaure notuna wasan bai tafi ba, zobe da shaf zan canja tare, ba zan sa sabon shaf a tsohon rami ba. In kuma kun buɗe kun tarar gishiri ya ci gidan har wurin zaman sil ya rarake, to kar a ɓata kuɗi sau biyu, a ɗauki na haɗen.

Kafin ka yi oda ka kwafo lambar da ke jikin gidan gimbal ɗin, don Alpha One na da da na biyun da ya fito a 1991 kayansu ba ɗaya ba ne. Ka turo lambar da bidiyon girgizar mu gani.