Kallon talabijin a Ingila: abin da ake biya da abin da ake samu

'Yan uwa na gida, masu yawan tambaya kan harkar kallo a nan Ingila, ga bayanin.

A gida idan mutum ya sayi talabijin, abin da ya rage masa shi ne wuta da kuɗin DStv ko StarTimes. A nan wuta ba ta ɗaukewa, amma sai ka sayi izinin kallon. Lasisin talabijin suke ce masa, kuma a Afrilun 2025 kuɗinsa ya zama fam 174.50 a shekara. Gida ake yi wa, ba akwati ba: ko talabijin biyar gare ka, lasisi ɗaya ne. Ya wajaba a kan duk mai kallon shiri a daidai lokacin da tasha ke watsa shi, kowace tasha ce, ko da a waya ko kwamfuta, da duk mai buɗe BBC iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC ta intanet. Wanda Netflix kawai yake kallo, ko fina-finan da aka riga aka ɗora a YouTube, babu ruwansa. Tarar wanda aka kama tana iya kaiwa fam 1,000. Da kuɗin ake riƙe BBC, shi ya sa ba ta katse shiri da talla kamar ITV.

Inda sababbin zuwa ke faɗawa shi ne gidan haya na tarayya. Idan kowa da takardar hayar ɗakinsa daban, lasisin maƙwabci ba ya rufe ka. Wasiƙun gargaɗi kuwa za su yi ta zuwa adireshin da ba shi da lasisi, har sai an biya ko an shiga shafin masu ba da lasisin an bayyana cewa ba a buƙata.

Tashoshin kyauta suna nan da yawa, ta eriya a Freeview ko ta ɗish a Freesat, ba kuɗin wata. Kada dai kowa ya wahalar da kansa ya sako dikodar DStv a jaka. Tauraron da take kamawa Afirka ya haska, a nan ba za ta kawo komai ba.

Yanzu ga wanda zai ba masu zuwa gidan kallon ƙwallo dariya. Yaron da ya biya kuɗin benci a Fagge ya fi mazaunin Manchester ganin wasannin Firimiya. Akwai ƙa'ida a nan cewa ranar Asabar, daga uku saura kwata zuwa biyar da kwata, ba a nuna wasan ƙwallo kai tsaye a talabijin, wai don kada mutane su daina zuwa filayen ƙananan kulob. Wasan ƙarfe uku da kuke kallo a SuperSport hankali kwance, mu sai dai rediyo, ko a jira taƙaitawar BBC da dare. Sauran wasannin ma an raba su biyu: a kakar 2025/26 Sky Sports na da aƙalla 215, TNT Sports na da 52, cikin 380. Mai son duka sai ya biya biyu. Kuma abin da ya tsaya a matsayin gidan kallo a nan mashaya ce, wadda ba wurin zaman kowa ba ne. Wannan musu da ihun bayan an ci ƙwallo, da mai janareta ana yi masa tsawa ya ƙara mai, babu su.

Silima kam sun iya ta. Odeon, Vue da Cineworld su ne manya. Ana sayen tikiti a waya, da lambar kujera. Lokacin da aka rubuta ba shi ne na fara fim ba, sai an sha talla kusan minti ashirin. Kowane fim da alamar shekaru: U, PG, 12A, 15, 18. Mai 12A yaro zai shiga idan da babba tare da shi, amma mai 15 ko uban ne ya riƙo hannunsa ba za a bar shi ba. Tacewarsu ta fi karkata ga wa zai kalla, tamu ta Kano ga me za a nuna. A talabijin ma haka ne, ƙarfe tara na dare ce iyaka. Bayanta komai na iya fitowa, don haka mai yara ya riƙe rimot. A silimar kuma, gugguru da lemo su ne ke cinye aljihu.

'Yan wasansu ba su fi namu baiwa ba, a ganina. Abin da suka fi mu shi ne sauti da rubutu: ba ka jin iska tana kaɗa makirfo, kuma labari ba ya tsayawa cak don a cika minti. Suna kuma barin ɗan wasa ya tsufa a matsayinsa. Coronation Street, wasan kwaikwayo mai dogon zango na ITV, tun 1960 ake yinsa, akwai wanda ya fara da shi yana saurayi har yau yana ciki. Fim ɗin Hausa kuwa YouTube ce gatanmu, kuma da intanet ɗin gida marar iyaka ba a lissafin data.

Masu cewa a aiko musu talabijin: fulogi iri ɗaya ne da namu mai ƙafa uku, wutar ma 230 ce, za ta yi aiki. Sai dai ba a ƙera ta don wutar da ke hawa da sauka ba, dole a haɗa da sitabilaiza. iPlayer da ire-irenta ba sa buɗewa a wajen ƙasar, garanti ba ya bin ta, gilashin kuma shi ne farkon abin da ke tsagewa a kwantena. Idan aka haɗa da kuɗin dako da na kwastan, a fara tambayar farashi a Kasuwar Sabon Gari tukuna.