Pocket Pro II: Agogon Harbin Da Ba Ya Yi Wa Kowa Kara

A gasar harbi da fistol irin ta IPSC, ƙungiyar wasan ta duniya, da USPSA, ta Amurka, maki kaɗai ba ya ba mutum matsayi. Ana ɗaukar makin da ya samu a zango, wato kashi ɗaya na gasar, a cire tarar da aka ci shi, sannan a raba abin da ya rage da yawan sakan ɗin da ya ɓata. Abin da ya fito, wato maki nawa ya ci a kowane sakan, da shi ake jera mutane. Tun 1976 da aka kafa IPSC a garin Kolumbiya ta jihar Mizuri a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Jeff Cooper, wasan a kan abu uku yake tsaye: saiti, ƙarfin harsashi, da sauri. Saiti ana ganinsa a jikin allo. Ƙarfin harsashi akwai na'urar da ke auna shi ranar gasa. Sauri kuwa shi ne wanda maharbi ya fi yaudarar kansa a kai, domin a cikin ransa kowa walƙiya ne. Don haka ne ake sayen agogon harbi, kuma Pocket Pro II na kamfanin Competition Electronics da ke jihar Ilinoi yana cikin waɗanda suka daɗe a hannun alƙalan fili.

Akwati ne na roba da ke cika tafin hannu, fuskarsa babba mai haske, da maɓallin farawa a gefe, da 'yan maɓallai a gaba na duba sakamako da sauya tsari, da maƙali a baya na ratayawa a bel ko bakin aljihu. Batir mai bolt 9 guda ɗaya yake ci. Idan aka danna, sai ya yi ƙara, daga nan makirufonsa ya riƙa kama kowane harbi yana rubuta lokacinsa har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Ƙarar tasa ba siririya ba ce, tana da ɗan kauri, kuma wannan alheri ne ga wanda ya toshe kunne ninki biyu ko wanda shekarun harbi suka rage masa ji, don siririyar ƙara ce ke fara ɓace wa kunne.

Lambar ƙarshe da ke bayyana a fuska ita kowa ke leƙawa, ita ce kuma mafi ƙarancin amfani a atisaye. Amfanin agogon yana cikin komawa baya harbi bayan harbi. Ɗauki atisayen El Presidente: alluna uku a yadi 10, maharbi ya ba su baya, ya juyo, ya zaro bindiga daga kube, ya sa wa kowane allo biyu, ya sauya gidan harsashi, ya sake sa wa kowanne biyu. Harsashi 12, maki 60. A ce mutum ya gama a sakan 10 cif. Agogo zai iya nuna masa cewa juyowa da zarowa sun ci 2.4, tazarar da ke tsakanin harbi biyu a allo ɗaya 0.40 ce har sau shida, tsallakawa daga allo zuwa allo 0.65 ce sau huɗu, sauya gidan harsashi kuma 2.6. Yawancin sababbin shiga da sun ga haka sai su ce yatsa ne ba ya sauri. Amma yi lissafi. Idan ka matse tazarar nan daga 0.40 zuwa 0.30, sakan 0.6 kawai ka samu, kuma da wuya harsashi na biyu bai fara fita daga tsakiya ba. Idan tsallakawa ce ta sauko zuwa 0.40, ka samu sakan guda cur. Sauya gidan harsashi daga 2.6 zuwa 1.8 ya ƙara maka 0.8, zarowa daga 2.4 zuwa 1.8 ta ƙara 0.6. Lokacin yana zubewa ne a inda bindiga ba ta magana. Pocket Pro II yana nuna lokacin kowane harbi tare da tazararsa da na baya, da lambobin da ake karantawa ba tare da an kanne ido ba, kuma wannan shi ne babban dalilin sayensa.

Tsallakawa mai nauyi kusan kullum laifin ido ce. Mai harbi ya kafe ido a kan saiti ya ja shi tare da bindiga zuwa allo na gaba, sai bindigar ta wuce wurin ta dawo, ko ta isa a hankali kamar mai tsoron taka ƙaya. Gyaran shi ne ido ya riga tafiya, ya sauka a kan ƙaramin wuri a tsakiyar allon gaba, bindiga ta biyo shi. Agogo ne zai shaida ko gyaran ya kama.

Akwai wani lissafin da ya kamata mai agogo ya haddace. A ƙaramin ma'aunin ƙarfi, wanda ake samu idan nauyin harsashi (a ma'aunin grain) sau gudunsa (ƙafa nawa a sakan), aka raba da 1000, ya kai 125, tsakiyar allo, yankin A, maki 5 ne, yankin C 3, yankin D 1. A babban ma'auni, na harsashin da ya fi ƙarfi, C 4 ne, D kuma 2. Kuskuren allo gaba ɗaya tarar maki 10 ne, ban da 5 ɗin da aka rasa. To wanda ya zuba A goma sha biyu a sakan 10 ya tashi da 6.0. Wanda ya yi A takwas da C huɗu a ƙaramin ma'auni, maki 52, a sakan 7.5, ya tashi da 6.93, ya doke mai tsaftar allo. Wanda ya ƙara wuta ya gama a sakan 7 amma harsashi ɗaya ya bi iska, A takwas, C uku, makinsa 39 ne, ya faɗo 5.57, ƙasa da su duka. A zangon da ake cin kusan maki 6 a sakan, kowane C yana daidai da asarar sulusin sakan, kuskure ɗaya kuma sakan biyu da rabi. Saboda haka lokaci ba tare da ƙirga ramuka ba ƙarya ce mai lamba. Agogon nan ba ya ƙirga maki, ba ya kuma raba komai da komai. Sai ka je allo, ka rubuta, ka liƙe ramukan, ka yi rabon da kanka.

Abu na biyu da ya sa ya cancanci kuɗinsa shi ne wa'adi. Ana saita masa lokaci, a ce sakan 1.5, sai ya yi ƙarar farawa, ya sake yin ta biyu idan wa'adin ya cika. Da wannan ake atisayen gida ba harsashi, wanda shi ne ke gina hannu fiye da zuwa fili sau ɗaya a wata. Kafin komai, harsashi mai rai ba ya zama a ɗakin atisaye ko guda, a duba cikin bindiga da ido sau biyu, gidajen harsashi su zama fanko ko masu ɗauke da na bogi, bakin bindiga kuma ya fuskanci bangon da zai iya tare harsashi. Sannan a fara da wa'adin da ake cikawa cikin sauƙi, a maimaita kamar sau goma, a rage 0.1, a sake. Idan aka kai inda riƙo ya fara lalacewa ko saiti ba ya sauka inda ido yake, a nan aikin yake. Minti 15 zuwa 20 a rana sun isa, domin idan da gaske ake matse bindiga kamar yadda ake yi da harsashi, hannu zai gaji kafin nan. Wanda ya yi awa guda bai gaji ba, sakwa-sakwa yake riƙewa, kuma ranar da ya je fili bugun bindiga zai tona masa asiri.

Kurakurai biyu ake yi da ƙarar nan. Na farko, jiran ta ƙare kafin a motsa. Ana tashi ne da farkon ƙara, ba ƙarshenta ba, kuma wanda bai saba ba yana zubar da kusan kashi biyu ko uku cikin goma na sakan a kowane zango a banza. Na biyu, yi wa kai rangwame a ƙarar wa'adi: idan ta fara kafin ka gama, ba ka cika ba, ko da ka gama tana cikin yi. Makirufon ba don ƙaramar ƙarar kunamar bindiga aka yi shi ba, don haka a gida ba wanda zai kama ka sai kanka.

Jinkirin farawa ana iya barinsa nan take, ko a sa shi ya zaɓi lokaci da kansa tsakanin iyaka biyu. A gasa, alƙali yana sakin ƙara tsakanin sakan 1 zuwa 4 bayan ya ce a yi shiri. Mai atisaye shi kaɗai gara ya sa tsakanin 2 da 4, don ya samu damar danna maɓalli ya mayar da hannu inda ya kamata. Tsayayyen jinkiri kuwa a guje shi, domin cikin kwana biyu jiki zai haddace shi ya fara riga ƙara.

Inda mutane suka fi zagin agogo alhali laifin saitinsu ne, shi ne wajen jin makirufo. A fili mai rufi ko kusa da bangon kankare, harbi ɗaya yana dawowa da amsa-kuwwa, sai ka ga shida sun zama tara, da tazarar da babu ɗan Adam ɗin da yatsansa zai yi. Pocket Pro II yana da maganin wannan iri biyu: a rage ƙarfin jinsa, ko a ƙara ɗan lokacin da yake toshe kunne bayan kowane harbi. Na biyun yana da tarko. Idan ka sa shi 0.20 alhali kana harbi da tazarar 0.18, zai haɗiye harbin gaskiya. Wanda ke neman sakan 2 a atisayen Bill, harsashi shida a allo ɗaya daga yadi 7, yana bukatar zarowa a 1.10 da tazara biyar na 0.18, don haka lokacin toshe kunnen nasa ya zauna ƙasa da 0.18 sosai. Hanyar saitawa ita ce a harba adadin da aka sani, a ce biyar, a duba ko biyar ya rubuta, a gyara abu ɗaya kawai, a sake. Idan akwai mai harbi a layin da ke kusa da kai, babu saitin da zai raba harsashinka da nasa tsaf. A irin wannan rana wa'adi kawai za ka dogara da shi. Bindiga mai ƙaramar murya irin .22 kuma tana bukatar a ƙara ji, a kuma matso da agogon kusa da ita. Alƙali ya kula da harbin ƙarshe musamman, ya miƙa agogon gaba, ya kuma kalli lambar nan take, don kwanson harsashi da ya faɗo a kansa ko karo da bel na iya ƙara lokacin da ba a harba ba.

Yanzu aibobinsa. Wa'adi ɗaya tak yake ɗauka. Idan kana son ƙara a ƙarshen zarowa, wata a ƙarshen sauya gidan harsashi, wata a ƙarshen taku zuwa wuri na biyu, ba zai yi ba. Agogon CED7000 yana yin wa'adi fiye da ɗaya, ya fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, batirinsa na caji ne, yana kuma ajiye zagayen baya. Pocket Pro II kuwa da ka danna farawa, zagayen da ya wuce ya tafi ke nan. Babu Bluetooth, alhali agogon Commander na kamfanin AMG Lab yana tura lokaci kai tsaye zuwa manhajar PractiScore da ake rubuta sakamakon gasa da ita, abin da ke rage kuskuren kwafe lamba. Shi kansa Competition Electronics ya fitar da ProTimer BT daga baya don cike wannan giɓi. Amma batirin bolt 9 da wasu ke gani tsohon yayi yana da ranarsa: idan ya mutu tsakiyar gasa, minti ɗaya ya isa a sa sabo, mai caji kuwa sai a nemi aro. A ajiye guda a jaka, a kuma cire na ciki idan za a daɗe ba a yi amfani da shi ba, kada ya zubo ya ci ƙarfen. Manhajojin waya suna yin aikin wa'adi a gida lafiya lau, amma makirufon waya don murya aka yi shi, a fili sai ya tsallake harbi ko ya ƙirƙiro.

Ga mai neman hawa aji a USPSA, ga yadda tsanin yake: ana gwada sakamakonka a zangon tantancewa da wani sakamakon ƙoli da aka tsayar wa wannan zango a rukunin bindigarka. Ƙasa da kashi 40 cikin ɗari ajin D ne, daga 40 C, daga 60 B, daga 75 A, daga 85 M (Master), daga 95 kuma GM (Grand Master). Sakamako huɗu ke ba mutum ajin farko, daga baya a riƙa ɗaukar shida mafi kyau cikin takwas na baya-bayan nan. Zangunan nan gajeru ne, yawancinsu a tsaye ake yinsu, abin da suke aunawa shi ne zarowa, sauya gidan harsashi, tsallakawa, da harbi da hannu ɗaya, wato daidai abubuwan da wa'adi ɗaya ke iya horarwa. Daga D zuwa B, har A ma, wannan agogon bai rage ka da komai ba. Sai dai aji daban, matsayi a babbar gasa daban. A dogon zango mai harsashi kusan 32, lokaci yana tafiya ne wajen shiga wuri da fita, kuma akan ga mai ajin A a takarda yana shan kashi a hannun ɗan B da ya iya taku. Ana auna wannan ma da agogon: sanduna biyu a ƙasa, tsakaninsu mita 5, harbi biyu a nan, biyu a can, yatsa nesa da kunama yayin gudu, bakin bindiga kuma kada ya ƙetare layin digiri 180, wato kada ya juyo baya, don wannan kora ce daga gasa nan take. Lambar da za ka rubuta a littafi ita ce tazarar harbi na biyu da na uku.