Daga Ingila: Labarin Madara da Harajin Gona

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan damina ta yi albarka. Ka tambaye ni abin da ya fi ba ni mamaki a kasuwar nan. Wallahi madara ce. Ta shanu tsantsa, mai sanyi, jarkar da ta ɗara lita biyu ba ta kai fam biyu ba, kuma ko ƙaramin shagon unguwa ka shiga za ka same ta. Mu da kasuwar Wudil ke cika da shanu kowace Juma'a, madarar gwangwani muke saya da tsada, Bafulatana kuwa tana yawo da ƙwaryar nono cikin rana.

Wani dattijon manomi da nake kai wa kaya ne ya fara buɗe mini asalin abin. A farkon shekarun 1930 farashi ya faɗi warwas, dillalai na yanka wa mai shanu kuɗin da suka ga dama. A 1932 aka ba Walter Elliot ministan noma. Ɗan majalisa ne daga Gilasgo, likita, kuma mahaifinsa dillalin dabbobi ne, ka ga ya san kan kara tun daga gida. Ya ɗora kan dokar da wani ministan noma na baya, Christopher Addison, ya yi a 1931, ya kawo tasa a 1933, aka kafa hukumar cinikin madara. Ita ke karɓar madarar kowa, na bakin birni da na ƙauyen ƙayau, ta biya shi duk wata. Shugabanninta kuma manoman ne ke zaɓensu. A 1934 aka fara ba 'yan makaranta ƙaramar kwalba a kan sisin kwabo.

Batun haraji shi ya fi taɓa ni. Tun 1929 aka ɗauke wa gonaki da gine-ginen gona harajin ƙaramar hukuma, har yau haka abin yake. A daidai wannan lokacin kakanninmu na biyan jangali kan kowace saniya, ƙarƙashin mulkin Turawan nan dai. Da suka kafa mana hukumar gyaɗa a 1949, manomi ba shi da ta cewa, a yanke masa farashi a riƙe rarar. Ka tuna yadda Baba ke ba da labarin da ɗacin rai.

An rushe hukumar madarar a 1994, yanzu manoman nan na kukan manyan kantuna sun matse su, dattijon ma ya sayar da rabin garkensa.

Kindirmo kam babu irin namu a nan, na gwada nasu da fura bai yi ba. A gaida Inna da yara, ka kuma faɗa mini nawa ake sayar da ƙwaryar nono yanzu.

Ƙaninka.